Toshewar jijiyoyin zuciya: Wane hoto ya kamata a fara ɗauka?

A watan Janairun 2025 mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa sakamakon shekara goma na wani bincike mai suna SCOT-HEART da aka gudanar a yankin Sikotland na Birtaniya. Masu binciken sun ɗebi mutum 4,146 da suka je asibiti da kukan ciwon ƙirji, suka raba su rukuni biyu. Rukunin farko aka bi da su ta hanyar da aka saba. Na biyun kuma aka ƙara musu da ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya da na'urar CT. Bayan shekara goma, kashi 6.6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hoton ne suka gamu da bugun zuciya ko suka mutu sanadin cutar, yayin da adadin ya kai kashi 8.2 cikin 100 a rukunin da ba a yi wa ba.

Abin da ya fi jan hankalin likitoci shi ne dalilin wannan tazara. Yawan waɗanda aka yi wa aikin buɗe jijiya ko tiyata kusan ɗaya ne a rukunan biyu. Bambancin ya fito ne daga magani: waɗanda hoto ya nuna kitse ya fara taruwa a jijiyoyinsu an fi ɗora su a kan magungunan rigakafi, kuma sun fi riƙe su da muhimmanci. Hausawa na cewa gani ya kori ji, ga shi kuwa ya tabbata a ɗakin likita.

Wannan sakamako ya ƙara ƙarfafa wani sauyi da ake gani a duniya tun fiye da shekara goma kan yadda ake gano cutar toshewar jijiyoyin zuciya. Sauyin ya shafi ƙasashe irin su Najeriya, inda kuɗin gwaji ɗaya kan iya cinye albashin wata da watanni, kuma iyali kan sayar da kadara don kai majinyaci Indiya ko Masar.

Cutar da ake nema

Zuciya tsoka ce, kuma ita ma tana buƙatar jinin da zai ciyar da ita. Jijiyoyin da ke yin wannan aiki suna kwance a bayanta: ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu wadda ke rabuwa gida biyu jim kaɗan bayan tushenta. Faɗin kowace bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. Da tafiyar shekaru, kitse da sinadarin kalsiyam kan taru a jikin bangonsu, hanyar jini ta riƙa ƙuntata. Hawan jini, ciwon suga, shan taba, yawan kitse a jini da ƙiba su ne ke gaggauta lamarin. Binciken INTERHEART da aka yi a ƙasashe 52, aka wallafa a 2004, ya gano cewa abubuwa tara da za a iya magancewa su ne ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko.

Idan ƙuncin ya kai kamar kashi 70 cikin 100, jinin da ke wucewa yakan isa lokacin da mutum ke zaune, amma ya gaza idan ya hau bene ko ya yi sauri. A nan ne yake jin nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wani lokaci har zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ya lafa idan ya huta. Idan kuwa tarin kitsen ya fashe, jini ya daskare a wurin ya toshe hanyar ɗungurungum, to shi ne bugun zuciya, kuma tsokar da ke bayan toshewar tana fara mutuwa cikin mintuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta ce kan gaba wajen kashe mutane a duniya, inda ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan tara a 2021.

Tambayoyi biyu

Duk na'urorin da ake amfani da su suna ƙoƙarin amsa ɗaya daga tambayoyi biyu ne. Ta farko: yaya surar jijiyar take, akwai ƙunci ko babu? Ta biyu: shin tsokar zuciya tana samun isasshen jini idan aka sa ta aiki? Amsoshin ba kullum suke tafiya tare ba. Ana iya ganin ƙunci a hoto alhali jini na wucewa yadda ya kamata, ana kuma iya samun manyan jijiyoyi a buɗe alhali tsoka na fama da ƙarancin jini saboda matsalar ƙananan jijiyoyin da ido ba ya gani, lamarin da ya fi yawa a mata.

Gwajin ECG shi ne matakin farko. Shi ba hoto ba ne, zanen wutar lantarkin zuciya ne a takarda, kuma likitan ƙasar Holan Willem Einthoven ya samu kyautar Nobel a 1924 saboda ƙirƙiro shi. Yana da araha da sauri, kuma shi ne ke fallasa babban bugun zuciya nan take. Rauninsa shi ne mutum na iya samun ƙunci mai tsanani amma zanen ya fito lafiya idan an yi shi yana kwance. Shi ya sa ake ɗora mutum a kan injin tafiya ana auna shi, ko da yake shi ma wannan yakan kuskure masu cutar da dama, ya kuma tsorata wasu da ba su da ita.

Hoton eko yana aiki ne da sauti, irin na'urar da ake duba juna biyu da ita. Inge Edler da Hellmuth Hertz ne suka fara gwada shi a birnin Lund na Suwidin a 1953. Ba ya nuna jijiyoyin kansu, amma yana nuna ƙarfin matsawar zuciya, da lafiyar ƙofofinta, da ɓangaren da ya daina motsi. Idan aka haɗa shi da motsa jiki ko allurar da ke ƙara gudun zuciya, ɓangaren da jini bai ishe shi ba yakan yi sanyi a motsi, ƙwararre ya gane. Ba shi da tururin radiyeshon, sai dai ingancinsa ya dogara ƙwarai da hannun mai ɗauka da idon mai karantawa.

Hoton nukiliya, wato SPECT da PET, ana yin sa ne ta hanyar zuba ɗan sinadari mai fitar da haske a jini, kyamara ta bi yadda tsoka ke shan sa lokacin hutu da lokacin aiki. Sinadarin da aka fi amfani da shi, teknishiyam-99m, rabin ƙarfinsa na tafiya cikin sa'a shida, kuma uwar da ake tatso shi daga gare ta ana samar da ita ne a tashoshin nukiliya ƙalilan a duniya, ciki har da SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu. Ƙasar da ba ta da tsayayyen tsarin shigo da shi mako-mako ba za ta iya dogaro da wannan hanya ba.

Na'urar MRI tana amfani da maganaɗisu. Ita ce ta fi kowace nuna tabon da tsohon bugun zuciya ya bari, ta kuma bambance tsokar da ta mutu da wadda za ta iya farfaɗowa idan jini ya dawo. Tsadarta, tsawon lokacin gwajin da buƙatar wutar lantarki marar yankewa su ne cikas.

Na'urar CT kuwa, wadda aka fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a 1971, ta daɗe ba ta iya kama jijiyoyin zuciya da kyau ba, domin zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. Sai wajen 2004, da aka fito da mai ɗaukar yanki 64 a zagaye guda, sannan ta yi saurin da ake buƙata. Ana amfani da ita ta fuska biyu. Akwai ƙidayar kalsiyam, bisa ma'aunin da Arthur Agatston ya gabatar a 1990, wadda ba ta buƙatar allura; sifili na nufin haɗari ƙarami, sama da 400 kuwa na nufin cutar ta yi nisa. Akwai kuma cikakken hoton jijiyoyi, inda ake zuba ruwan rini mai aidin ta jijiyar hannu, a ba mutum maganin da zai saukar da gudun zuciyarsa zuwa kamar 60 a minti, ya riƙe numfashi na ɗan daƙiƙoƙi. Babban ƙarfin wannan hoto shi ne idan ya ce jijiyoyi lafiya lau suke, to da wuya a samu akasin haka. Rauninsa kuma, idan kalsiyam ya yi yawa yakan nuna ƙunci ya fi yadda yake, sannan rinin na iya wahalar da mai ciwon ƙoda.

Ta ƙarshe ita ce anjiyogiram, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har zuwa bakin jijiyoyin zuciya, a fesa rini, a ɗauki hoto. Bajamushe Werner Forssmann ya zura wa kansa bututu har cikin zuciya a 1929. A 1958 kuma Mason Sones na asibitin Cleveland a Amurka ya fesa rini cikin jijiyar zuciyar wani majinyaci bisa kuskure, majinyacin ya rayu, daga nan hanyar ta samu. A 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe ƙuntatacciyar jijiya da balan-balan a birnin Zurich. Har yau anjiyogiram ce alƙali na ƙarshe, kuma ita kaɗai ce ke ba da damar a gani a kuma gyara a zama ɗaya, ta hanyar saka 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent. Amma aiki ne na shiga jiki, yana da tsada, kuma yana ɗauke da haɗarin zubar jini, raunin ƙoda, da shanyewar ɓarin jiki, duk da cewa ba kasafai hakan ke faruwa ba.

Yadda ra'ayi ya juya

A 2010 wani nazari da aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine ya girgiza likitocin Amurka. An duba bayanan mutum kusan 400,000 da ba a san su da cutar ba, aka zura musu bututu don bincike. Kashi 38 cikin 100 ne kawai aka samu da toshewa mai muhimmanci. Ma'ana, mafi yawansu sun ɗauki haɗari da tsadar aikin ba tare da an samu abin da ake nema ba.

Daga nan aka shiga neman hanyar tace mutane kafin a kai su ɗakin bututu. Binciken PROMISE na 2015, mai mutum 10,003 a Amurka da Kanada, ya kwatanta hoton CT da gwaje-gwajen sa zuciya aiki, ya samu sakamakonsu kusan ɗaya ne cikin shekara biyu. A Nuwamban 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ɗauki matakin da ya ba mutane mamaki a lokacin, ta ce hoton CT ne gwajin farko ga mai ciwon ƙirjin da ake zargin na zuciya ne. A 2022 binciken DISCHARGE, wanda aka yi a ƙasashen Turai 16 da mutum 3,561, ya kwatanta farawa da CT da farawa da bututu. Bayan shekara uku da rabi babu wani bambanci na a-zo-a-gani a yawan mutuwa da bugun zuciya, amma manyan matsalolin da ke biyo bayan aiki sun tsaya a kashi 0.5 cikin 100 a rukunin CT, suka kai kashi 1.9 a rukunin bututu.

Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar a 2024 sun tattara wannan darasi a tsari mai sauƙi. Likita zai fara ƙiyasta yiwuwar cutar daga shekarun mutum, jinsinsa, irin ciwon da yake ji da sauran cututtukan da yake ɗauke da su. Idan yiwuwar ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba, ana iya jinkirta gwaji. Daga nan zuwa kashi 50, CT ta fi dacewa. Daga kashi 15 zuwa 85, gwajin sa zuciya aiki na da amfani. Sama da kashi 85 kuwa, ana iya wucewa kai tsaye zuwa bututu. Wato tambayoyin da likita ke yi a ɗakin ganin majinyaci su ne ke zaɓar na'ura.

Ganin ƙunci da saka raga

Akwai wani tarko a cikin yawan ɗaukar hoto. Da zarar an nuna wa majinyaci ƙunci a allo, shi da danginsa sukan ƙagu a buɗe shi, ko nawa za a kashe. Binciken ISCHEMIA, wanda aka wallafa a 2020, ya gwada wannan tunani a kan mutum 5,179 a ƙasashe 37, dukansu masu ƙarancin jini a tsokar zuciya amma cutarsu a kwance take. Rabi aka kai su bututu da wuri aka saka raga ko aka yi tiyata, rabi aka fara da magani kawai. Bayan fiye da shekara uku, yawan mutuwa bai bambanta ba. Ribar da aikin ya nuna a fili ita ce rage ciwon ƙirji ga waɗanda yake damunsu sau da yawa.

Binciken bai haɗa da masu ƙunci a tushen jijiyar hagu ba, ko masu raunin zuciya mai tsanani, ko waɗanda bugun zuciya ya same su kwanan nan. Su waɗannan aiki na iya ceton ransu. Amma ga sauran, maganin rage kitse, na hawan jini, na suga, asfirin idan likita ya ga dacewarsa, da barin taba su ne ginshiƙi. Majinyacin da aka ce masa sai an saka raga alhali ba a cikin gaggawa yake ba yana da haƙƙin ya tambaya ko aikin zai tsawaita rayuwarsa ne ko ciwon kawai zai rage, ya kuma nemi ra'ayin likita na biyu.

Lokacin gaggawa dabam yake. Wanda ciwon ƙirji ya kama yana zaune, ya wuce minti goma sha biyar, da gumi ko ƙarancin numfashi, ba CT yake buƙata ba. Ƙa'idar duniya ita ce a yi masa ECG cikin minti goma da isarsa asibiti, a kuma auna sinadarin turofonin a jininsa. Idan zanen ya nuna jijiya ta toshe, a buɗe ta da bututu cikin minti 120, idan hakan ba zai yiwu ba a yi masa allurar narkar da daskararren jini. Masu ciwon suga, tsofaffi da mata na iya zuwa ba da ciwon ƙirji ba, sai kasala, amai ko zafi a saman ciki, abin da sau da yawa ake ɗauka gyambon ciki ne a tsaya shan magani a gida.

Inda Najeriya ta tsaya

An daɗe ana ɗaukar cutar a matsayin baƙuwa a Afirka, kuma alƙaluman asibitoci sun goyi bayan hakan zuwa wani mataki. Binciken THESUS-HF da aka wallafa a 2012, wanda ya bi majinyata 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara ciki har da Najeriya, ya samu hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiyoyi kuwa ƙasa da kashi 8. A Arewa akwai ƙarin nauyin gazawar zuciya ta masu jego, wadda likitoci a Zariya suka bayyana tun shekarun 1970. Sai dai cutar da ba a da kayan gano ta ba za ta bayyana a ƙididdiga ba. Kusan ɗaya cikin uku na manya a ƙasar na da hawan jini, ciwon suga na ƙaruwa, abinci da zaman birni sun sauya, don haka duk abubuwan da ke haifar da toshewar suna nan.

Kayan aikin kuwa sun taru a wurare kaɗan. Ɗakunan zura bututu galibinsu suna Legas da Abuja, kuma da dama na masu zaman kansu ne. Na'urorin CT sun ƙaru a manyan birane, amma ba kowace ce ke da saurin kama zuciya ba, kuma mai saurin ma tana buƙatar manhaja ta musamman, da wuta tsayayya, da injiniyan da zai gyara ta idan ta tsaya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar daga aljihun mutane yake fita, duk da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta shiga tsarin. Ga kuma ƙaurar ma'aikata: Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar zuwa bakwai. Na'ura ba ta karanta hotonta da kanta.

Abin da ya kamata a fara da shi

Darasin binciken ƙasashen waje ga hukumomin lafiya na tarayya da na jihohi shi ne a bi tsari daki-daki. Matakin farko shi ne kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya mallaki na'urar ECG mai aiki dare da rana, da gwajin turofonin, da ma'aikacin da zai iya tura zanen ta waya ga ƙwararre a asibitin koyarwa. Kuɗin na'urar MRI guda ɗaya zai sayi irin waɗannan da yawa. Allurar narkar da jini ta kasance a ajiye, domin mafi yawan 'yan ƙasa ba za su isa ɗakin bututu cikin sa'a biyu ba.

Mataki na biyu shi ne eko a kowane babban asibitin jiha. Ita ce na'urar da ta fi dacewa da cututtukan da suka fi yawa a nan, tun daga illar hawan jini da lalacewar ƙofofin zuciya har zuwa zuciyar masu jego, kuma da horo za ta iya yin gwajin sa zuciya aiki ba tare da sinadarin nukiliya ba. Na uku, duk lokacin da asibitin koyarwa zai sayi CT, ya sayi mai yanki 64 ko sama, a haɗa kwangilar da gyara na shekaru da horar da masu karantawa. Na'urar guda za ta yi wa masu haɗarin mota da masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon daji aiki, don haka kuɗinta ba zai tafi a banza ba. Ɗakin bututu kuma a tanadi aƙalla ɗaya mai aiki a kowace shiyya, a keɓe shi ga waɗanda suka fi buƙata, a kuma sa waɗannan gwaje-gwaje cikin abin da inshora ke biya.

Sai kuma magani, wanda shi ne ya haifar da tazarar da aka gani a Sikotland. Mutumin da ya biya kuɗin hoto mai tsada, aka gano cutarsa, sannan ya kasa sayen ƙwayar rage kitse ko ta hawan jini bayan wata uku, bai amfana da komai ba. Magungunan nan sun daɗe da fita daga hannun kamfanonin da suka ƙirƙiro su, ana kuma iya samar da su da araha. Gwamnatin da ta tabbatar da samuwarsu a ƙananan asibitoci, tare da awon hawan jini da suga ga duk wanda ya haura shekara 40, za ta rage yawan waɗanda za su buƙaci hoton tun farko.